Samfefar Kawu da Tayoyin Tela

Kawuna mutum ne da ba ya iya wuce abu bai shafa shi ba. Tebur ne, bango ne, murfin tukunya ne, sai ya ɗora babban yatsa ya ja, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron magana. Ranar da aka jera mini kayan ɗaki, kowa na yaba gado da kujeru, shi kuwa yana tsugune yana shafa ƙafar kabad, ya miƙe ya ce wa mahaifiyata, “Yaya, wannan da sauran aiki.” Ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa da kyau ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana fentin mota. Ya shiga gareji yana ɗan shekara goma sha huɗu, aka miƙa masa samfefa, takardar nan mai yashi da ake goge jikin mota da ita kafin a fesa fenti, kuma daga ranar bai rabu da ita ba. Shi ya sa har yau abokansa Mai Fenti suke ce masa, ko da yake likita ya raba shi da fenti tun da ƙirjinsa ya fara kuka. An san shi da abu biyu. Na farko, in ya kankare mota ya tarar da tsatsa, sai ya kira mai ita ya nuna masa, ba ya rufewa da fenti ya yi shiru. Na biyu, ba ya jefar da abu da sauran amfaninsa. Matarsa, wadda muke kira Anti, ta ce tun aurensu ba ta taɓa ganin ya yar da sabulu ba, sai dai ya manna guntun a jikin sabon.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son bin diddigi, shi ya sa Kawu yake kirana Lauya. Ɗakin ƙofar gidansa ya ba ni na buɗe shagon buga takardu, kuma tagar baya tana kallon barandar da ya kafa bencinsa. Don haka duk abin da zan faɗa a nan da idona na gani, wani kuma da kunnena, don ba na musun ina kasa kunne.

Tseren ƙananan motoci ya fara ne daga Kafinta, maƙwabcinmu. Ya gani a waya, ya harhaɗa ragowar katako ya yi wani titi mai gangara, tsawonsa ya kai taku goma sha biyar, da layi uku. Motar kanta guntun katako ce da ba ta fi tafin hannu ba, da tayoyin roba huɗu, kowace an kafe ta da ƙusa. Babu inji, babu batir. A ɗora ta a sama, a zare sanda, gangara ta yi sauran aikin. Wai don jikoki aka yi. Kafin wata uku kakannin sun ƙwace abin, sun ce yara ba su san darajarsa ba.

Su goma sha biyu ne, kuma mafi ƙanƙantarsu ya haura hamsin. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, bayan la'asar, Kafinta yakan ture injinansa gefe a kafa titin. Malam, wanda ya yi ritaya daga koyar da lissafi, shi ne alƙali, kuma shi ya kafa doka bayan an kama wani ya cusa dalma a cikin taya. Dokar ita ce kowane tsere sabbin tayoyi, daga buhu ɗaya da ake sayowa a shagon kayan wasa. Ran Juma'a kowa zai zo ya zaɓi huɗunsa da ƙusoshinsa, ran Asabar da safe ya kai wa mutum ɗaya ya goge wa kowa, don kada wani ya fi wani. Ba a yi gardama kan wanda za a ba aikin ba. Kawu bai taɓa haɗa mota tasa ba, ya ce mai riƙe da tayar mutane bai kamata ya shiga tsere ba.

Da farko na raina aikin. Na ce masa, “Kawu, taya ai taya ce. Me ake gogewa a jikin roba?”

Ya miƙo mini guda ya ce, “Ja farcenki a tsakiyarta.”

Na ja, na ji wani siririn layi ya tare farcen. Ya ce wurin da ɓari biyu na injin da ya zuba robar suka haɗu ke nan, kuma duk juyawar da tayar za ta yi sai ta ɗan yi tsalle a kansa. Ya nuna mini ƙarƙashin kan ƙusa, akwai wasu ƙananan haƙora biyu da ke cizon tayar. Ya nuna mini cikin ramin da ƙusar ke shiga. Wuri uku ke nan, a taya arba'in da takwas. Yakan ɗaure injin huda katako a jikin benci, ya kafa tayar a bakinsa tana juyawa, ya tsoma samfefa a ruwa ya ɗora a hankali, ba dannawa. Can ya tsayar, ya shafa da babban yatsa, ya karkata kai. In ya gamsu sai ya busa garin bakin fensir a ramin, ya mayar da tayoyin cikin gwangwanin madarar mai su.

Samfefa guda yake yankowa, kamar faɗin tafin hannu, kuma da ita zai yi wa kowa tun daga na farko har na ƙarshe. Wanda ya fara zuwa shi ake fara yi wa. Ko ɗan'uwansa na jini ne ya zo a makare, sai ya bi layi.

Kullum Tela ne na farko. Ƙarfe bakwai ya iso da gwangwaninsa naɗe a ƙyalle, ya gaisa, ya zauna a kan bokiti yana kallo har a gama. Mutum ne siriri marar hayaniya, mai auna komai sau biyu. Motocinsa sun fi na kowa kyau, har kujera yake ɗinka musu. Amma shekara biyar ana tsere bai taɓa wuce zagayen farko ba. Duk bayan 'yan watanni sai ya ce kuskuren daga sassaƙa ne, ya sake wata. Ya gwada mai tsinin hanci, ya gwada mai faɗi, ya matsar da nauyi baya, ya dawo da shi gaba. Na ƙirga masa mota tara.

Kullum kuma Direba ne na ƙarshe. Shi ƙanin Anti ne, tsohon direban babbar mota, mai ƙaton ciki da ƙatuwar dariya. Sai wajen ƙarfe ɗaya zai faɗo, tayoyinsa a aljihu tare da makullai, yana cewa, “Yaya, a yi haƙuri, barci ne ya ɗauke ni.” A lokacin samfefar ta gama mutuwa, ta yi laushi kamar tsumma. Kawu yakan yi tsaki ya ce, “Kai kullum sai ka zo ka tarar da ragowa.” Saboda ba ta ci sosai, sai ya ninka lokacin da yake ɗauka a kan na sauran, wai don kada ya cuci Direba. Motar Direba kuwa ko fenti babu, wani guntun katako ne da ya tsinta a ƙarƙashin bencin Kafinta. Ita ce ta cinye fiye da rabin tseren da aka yi.

Maganar ta fara da wasa. Wani ya ce da ya sani da ya nemi aure a gidan su Anti. Aka yi dariya, har da Kawu. Wata na gaba aka sake faɗa, dariyar ta ragu. Ranar da Direba ya ci karo na biyar a jere, Kafinta ya ajiye motarsa da ƙarfi ya ce, “Ni fa ba na iya ƙunshe magana. Katakon nan daga sharar shagona ya fito, na san ko miƙe bai miƙe ba. In ba a taya ba, a ina gudun yake? Kuma wa ke riƙe da taya?”

Ina tsaye a bakin ƙofa da kwalbar ruwan Kawu a hannu, na ga kunnuwansa sun motsa.

Tela ne ya miƙe. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce, “Kafinta, ka ji tsoron Allah. Nawa yake fara yi, da sabuwar samfefa fil, a gaban idona. In da son kai a aikin nan ai ni ya kamata a zarga. Ga ni nan kuma kullum a baya. Hannuna ne bai iya ba, kada ku ɗora wa bawan Allah.”

Duk da haka magana ta riga ta fita. Malam ya ce ba za a bar ta haka ba, za a gwada. Wata biyu, shi zai karɓi gwangwanayen, ya rubuta lamba a gindin kowane, ya cakuɗa su, ya kai wa Kawu ba tare da ya san na wane ne ba. In Direba ya ci gaba da ci, bakin kowa ya mutu. In kuwa ya daina, to, Malam bai ƙarasa ba, ya ce a bari a gani tukuna.

Na fusata. Da muka dawo gida na ce, “Kawu, ka ajiye musu aikinsu mana! Ko sisi ba sa ba ka, sai baƙar magana.”

Ya ce, “Lauya, in na ajiye yau, sun yi gaskiya ke nan.”

Anti ta ce kwana uku yana juya cokali a kwano. Mutumin da duk rayuwarsa ba shi da gida biyu, ba shi da mota, abin da ya tara kawai shi ne in ya ce abu kaza ne a yarda, yau ana raɗa a kansa saboda tayar wasan yara. Na ji masa ciwo, kuma na ji haushin tsofaffin nan har na daina ba su kujerar shagona.

Watan farko na gwaji, Kafinta ne ya ci, Direba ya zo na bakwai. Wata na biyu wani mai gyaran rediyo ya ci, Direba ya fita tun zagayen farko, shi da Tela. Na ɗauka ai shi ke nan, zargi ya tabbata, na fara shirya abin da zan faɗa wa duk wanda ya buɗe baki. Ashe Malam ya tsawaita bincikensa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Duk safiyar Asabar biyun nan yana zaune a gefen benci da agogo a hannu, kuma ya ga Kawu bai canza komai ba, yadda yake yi shekara biyar haka ya yi. Ga Kafinta da kansa ya ci, bakinsa ya yi nauyi. Sai ra'ayi ya juya, aka koma cewa sa'a ce kawai Direba ya yi ta yi, yanzu ta ƙare. Malam ya aiko cewa a tsere na gaba za a ba Mai Fenti haƙuri a gaban kowa.

Na yi murna, Anti ta yi murna. Kawu ne kaɗai fuskarsa ba ta saki ba.

Wata Talata da hantsi ya shigo shagona, abin da ba ya yi. Ya tsaya yana shafa gefen injin buga takardu, sannan ya ce, “Lauya, wayar nan taki, an ce tana ƙara wa abu girma?”

Na ce tana yi.

Ya zaro tayoyi biyu daga aljihu. Ya ce ɗaya ya goge da sabuwar samfefa, ɗaya da wadda ta mutu. Na ce me ya kawo wannan? Ya ce a watan farko gwangwani na ƙarshe da ya yi akwai taya mai ɗigon fari a gefenta, kuma da yamma ya gan ta a jikin motar Kafinta. A wata na biyu da gangan ya lura da na ƙarshe, sai ga su a motar mai gyaran rediyo.

“Sau biyu ba sa'a ba ce,” in ji shi.

Na ɗora tayoyin a kan farar takarda kusa da taga, na kunna kyamara na ja hoton har iyakarsa. Ta farkon duk zane ne a jikinta, layi-layi kamar an ja tsintsiya a kan rairayi. Ta biyun sumul, har hasken tagar yana kwance a kanta. Na miƙa masa wayar. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗauki tayoyin ya rufe ido ya shafa kowace da babban yatsa, ya sake shafawa, ya buɗe ido ya ce, “Wallahi ɗaya nake jin su.”

Na kama yatsan na duba. Kanta ce a kansa mai kauri, ta shekara talatin da huɗu. Na shafa tayoyin da nawa yatsan na ji bambancin nan take.

Ya zauna a kan kujerar masu jira, ya yi mini bayani kamar yana yi wa kansa. Ya ce a gareji ba a goge mota don ta yi santsi har ƙarshe. Ana barin ɗan kaushi ne don fenti ya samu abin kamawa, in ta yi sulɓi da yawa fentin zai ɓare. Inda yatsansa ya saba cewa ya isa, nan ne daidai inda fenti ke so. Sabuwar samfefa ita ce mai daraja a wurinsu, wadda ta mutu kuwa ta yaran gareji ce. Bai taɓa tsayawa ya tuna cewa taya ba fenti za a yi mata ba.

“Ina ganin Tela nake girmamawa,” ya ce. “Ina tausayin Direba.”

A nan ne na nuna halina, kuma ba na alfahari da shi. Na ce, “To, Kawu, yanzu ka gane. Daga yau ka yi wa kowa da sabuwa, ka bi da tsohuwa, shi ke nan. Wa ya sani? Ni da kai ne. Ran Asabar haƙuri za su ba ka, ka karɓa ka yi shiru.”

Ya dube ni ya ce, “Haƙurin me zan karɓa? Kafinta ya ce gudun a taya yake. A taya yake.”

“Amma ai ba da niyya ka yi ba.”

“Tela bai san niyya ba, mota tara ya sani.”

Ran Asabar shagon Kafinta ya cika, har waɗanda ba sa tsere sun zo. Malam ya gyara tabarau ya fara jawabi, ya ce an zargi mutumin kirki, bincike ya wanke shi. Kafinta ya taso da hannu a miƙe. Kawu bai karɓi hannun ba. Ya ce, “Ku dakata. Lauya, kawo wayar.”

Ya faɗa musu komai, bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Wayar ta zaga hannu zuwa hannu. Malam ya buɗe littafinsa ya duba jerin watanni biyun, ya ce haka ne, waɗanda suka ci su ne na ƙarshe a layi, gwangwanin Tela kuma ya faɗo na biyu a wata ɗaya, na uku a ɗayan. Direba ya fara dariya, ya ce, “Wato barcina ne yake ci mini tsere?” Ya duba bai ga mai taya shi ba, ya haɗiye sauran.

Wayar ta isa hannun Tela. Ya cire tabaransa ya kawo ta kusa da ido, ya mayar da tabaran ya nisanta ta. Kawu ya je gabansa ya tsaya, ya ce, “Tela, ba hannunka ba ne. Nawa ne. Kai ka tsaya mini ranar da kowa ya yi shiru, kuma kai na fi cuta. Ka yafe mini in za ka iya.”

Tela ya ci gaba da kallon hoton. Malam ya yi gyaran murya ya ce yanzu sai a yanke shawara, ko Mai Fenti zai ci gaba da riƙe tayoyi ko a nemi wani. Babu wanda ya ɗaga hannu, kowa Tela yake kallo. Ni kuwa na san in aka karɓe aikin nan, Kawu ba zai sake zama a barandar nan da daɗin rai ba.

Tela ya miƙo mini wayata. Ya ɗauki motarsa, ya nemi filaya a bencin Kafinta, ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya zuba tayoyin huɗu a tafin hannun Kawu.

“Je ka yi su yadda ya kamata,” ya ce. “Za mu jira.”

Suka jira kuwa, minti arba'in, tsofaffi goma sha biyu zaune a kan katakai. Ni na bi Kawu gida na riƙe masa wayar, duk tayar da ya gama sai mun duba ta a hoto, sannan ya sa na shafa da yatsana. Sau biyu ƙusa tana faɗuwa daga hannunsa.

Aka jera motar Tela da ta Kafinta da ta Direba. Malam ya zare sanda. Ban san abin da ke shiga jikin mutum a daƙiƙa uku ba sai ranar, na ji ina ihu kamar ba matar aure ba. Motar Tela ta riga ta Kafinta da tsawon yatsa, ta bar ta Direba a baya. Shagon ya kaure, Direba ya ɗaga Tela sama yana juyi da shi, Kafinta na dukan benci.

Da aka sauke shi, Tela ya je ƙarshen titin ya ɗauko motar, ya goge mata ƙura da gefen rigarsa. Bai yi dariya ba. Ya zo kusa da Kawu, inda ni kaɗai nake jin su, ya ce a hankali, “Wannan ma ba ita ce mai kyan ba, Mai Fenti. Ta farkon ce. Wata biyu na yi ina sassaƙa ta. Da ta faɗi sau huɗu na ɗauka ita ce ba ta da kirki, na sa ta a murhu.”

Na dubi Kawu. Na ga idonsa ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da likita ya raba shi da gareji. Ni ma sai da na juya baya.

Malam ya kira zagaye na biyu. Tela ya ɗauki motarsa ya tafi kan layi, Kawu ya zauna a kan wani guntun katako, bai kalli tseren ba.